Na yi wa yaro allurar takwaransa a gardin dare: in faɗa ko in yi shiru?

Ƴar Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun asuba nake ɗaukar waya ina ajiyewa, sai yanzu na iya rubutawa. Daren jiya ni ke gardi, wato aikin kwana, a ɗakin yara na asibiti, daga ni sai ɗaliba ɗaya. Kun san Satumba a Damagaram, zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗaki, gado ɗaya yara biyu, wani ma uku. A cikinsu akwai biyu masu suna ɗaya, sunan uba ma ɗaya, dukansu artesunat, allurar zazzaɓi mai tsanani, ake yi musu. Ɗaya kilo 8, ɗaya kilo 14. Ƙarfe 2 na dare na haɗa alluran, na kira suna, wata uwa ta amsa, na tura wa ɗanta mililita 5. Sai da na ɗauko sirinji na biyu mai mililita 3 na ga yaron da ya rage ya fi wancan girma nesa ba kusa ba. Nan take jikina ya yi sanyi. Ƙaramin na yi wa allurar babban. Na sake haɗa wa babban tasa daidai, sannan na tare a kan ƙaramin har gari ya waye, ina ƙirga numfashi, ina duba bugun jini da sukari. Da safe ya kama nono. Wadda ta karɓe ni ta ce tunda Allah ya rufa asiri in ja bakina in yi shiru. Ban rubuta ba, ban gaya wa majo, shugabar ma'aikatan ɗakinmu, ba, ban gaya wa uwar ba. Amma barci ya ƙi zuwa. Don Allah ku ba ni shawara.

Ungozoma daga Mirya:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara wa yaron sauƙi. Ki sha ruwa ki nutsu, duk wanda ya daɗe yana riƙe sirinji ya san wannan faɗuwar gaban.

Mai Farmasi:
Bari mu fara da lissafi, don a san girman abin. Kwalbar artesunat miligiram 60 ce. Ana narka ta da bikarbonat mililita 1, a jira ta washe, a ƙara ruwan gishiri mililita 5 idan ta jijiya ce, sai kowane mililita ya ɗauki miligiram 10. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo. Mai kilo 8 ke nan miligiram 24, wato mililita 2,4, a cike shi zuwa 3. Shi kuwa ya samu miligiram 50, sama da 6 a kowane kilo, ninki biyu na lissafinsa. Artesunat magani ne mai haƙuri, tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke cutarwa tana da faɗi, shi ya sa kika ga ya tashi lafiya. Amma ƴar uwa, hannun da ya yi wannan da artesunat shi zai yi da jentamisin, ko diyazefam, ko kinin. Jentamisin ninki biyu ƙoda da kunne yake taɓawa, diyazefam numfashi yake dannewa. Kuma akwai allura ta gaba da ke jiran yaron nan. Babban likita, wato lokotoron da zai duba shi, ya kamata ya san abin da ya shiga jikinsa a zahiri, ba abin da takarda ta ce ba. Yanzu haka takardarsa tana cewa mililita 3, kuma ba haka aka yi ba.

Ƴar Birni:
Wannan maganar takardar ita ta fi damuna, Malam. Da hannuna na sa alama a kan 3.

Ɗan Zango:
Ni zan faɗi abin da ba kowa zai so ji ba. Majo da lokotoro, na yarda ki gaya musu, shi ma ki san wane majo gare ki. Uwa kuwa a'a. Yaron da ke kwance da zazzaɓi mai tsanani yana iya juyawa gobe, jini ya ƙare ko ya fara jijjiga, ba don allurarki ba. Ranar da haka ta faru, wa zai gaya wa dangi ciwo ne? Za su koma ƙauye su ce likita da bakinta ta ce ta yi masa allurar wani. Daga nan mata goma za su riƙe ƴaƴansu a gida suna ba su jiƙe-jiƙe har sai an kawo su a sume. Na taɓa aiki a wani wuri, ba zan faɗi ko ina ba ne, wani abokina ɗan kwantaragi ya kai kansa a kan kuskure irin wannan. Ba a tambaye shi yara nawa yake dubawa shi kaɗai ba. Takardar neman bayani aka miƙa masa, da kwantaraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Tun daga nan duk wanda ya yi kuskure a wurin sai ya haɗiye abinsa.

Majo mai ritaya:
Assalamu alaikum. Jikata ce ta karanta mini wannan, na ce ta ba ni wayar. Ƴata, na gode miki da kika kawo maganar nan cikin mutane, ba ƙaramin abu kika yi ba.
A ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta nan Damagaram, an haddatar da mu abu biyar kafin a ba da magani: mara lafiyan shi ne, maganin shi ne, yawansa daidai ne, hanyarsa ita ce, lokacinsa ya yi. Kowa a zauren nan ya iya su kamar Fatiha. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda ake tabbatar da na farkon a ƙasar Hausa. Ke kin kira suna an amsa, kin ɗauka kin gama. To ki duba. Gida nawa ne a Birni da Garin Malam babu Mamman, babu Nana? Matar ƙauye idan likita mai farar riga ta yi magana, "to" take cewa, ko ta ji ko ba ta ji ba, musamman cikin dare an tashe ta daga barci. Wata Babarbariya ce daga wajen Gure, wata Buzuwa daga Tanut, wata Bafulatana, Hausarsu ta cinikin kasuwa ce. Littafi ya ce kada ka kira suna, ka tambayi uwa ta faɗa da bakinta. Sai ka tambaya ta sunkuyar da kai, don ɗan fari ne, alkunya ba za ta bar ta ta ambaci sunansa ba. Lambar gado kuwa ba abin dogaro ba ce, uwa tana ganin ƴar garinsu ko inda fanka ke kaɗawa za ta kwashi ɗanta ta koma can.
Abin da na yi shekaru ina yi shi ne guntun filasta a hannun da aka sa kateter, wato robar jijiya. A rubuta sunan yaro, kilonsa, da garinsu, tun a wurin karɓa, lokacin da yake kan sikeli. Sirinji ma a manna masa guntu mai suna da kilo. Kafin ki tura, ki haɗa rubutun sirinji da na hannu. Idan masu suna ɗaya suka haɗu a ɗaki, a raba su bango da bango, a ja jan layi a takardunsu, a faɗa da baki wajen miƙa gardi.
Maganar faɗa kuwa, ki faɗa. Yau, ba gobe ba. Ki ja layi ɗaya a kan 3 ɗin yadda za a iya karanta shi, ki rubuta abin da kika bayar da lokacin, ki sa hannu. Kada ki goge, kada ki shafe.

Ɗaliba shekara ta biyu:
Baba Majo mun gode. Wallahi maganar ɗan fari ta taɓa faruwa da ni wajen koyon aiki, na yi ta tambaya matar tana murmushi, na ɗauka raini ne. Ina da tambaya, me ya sa ba za a haɗa artesunat ɗin duka tun farkon gardi a jera ba, in lokaci ya yi sai turawa? Da an rage gaggawar ƙarfe 2.

Mai Farmasi:
A'a ƙanwata. Da zarar an narka shi ya fara lalacewa, cikin awa ɗaya ake amfani da shi, abin da ya rage a zubar. Ba a zuba shi cikin ƙarin ruwa kuma, a hankali ake tura shi ta jijiya. In kin haɗa kin ga ya ƙi washewa, ki yar. Kuma sirinji goma a jere a faranti ɗaya babu rubutu, shi ne ainihin hanyar da irin wannan ke bi. Mafi aminci ki haɗa na yaro ɗaya, ki je ki yi masa, ki dawo ki haɗa na gaba. Na san ƙafa za ta gaji.

Ɗan Zango:
Malam, yaro 40 da ma'aikaciya ɗaya, a haɗa ɗaya bayan ɗaya? Allurar ƙarfe 2 sai ta kai asuba. Tun da aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006 mata suke kawo yara, kuma abin alheri ne, amma hannun da ke karɓarsu bai ƙaru yadda suka ƙaru ba. Shi ya sa nake jin zafi idan aka ɗora komai a kan wadda ta tura allura. Daga Agusta zuwa Oktoba kowa ya san abin da ke zuwa, shekara da shekaru. Me ya hana a ƙara mutum a gardin dare na watannin nan uku?

Majo mai ritaya:
Ɗana, a nan ba mu saɓa ba. Amma da me majo zai je wajen shugabanni ya nemi ƙarin mutum? Idan takardun ɗaki suna nuna wata uku babu kuskure ko ɗaya, za a ce masa ai mutum ɗaya ta isa. Abin da aka yi wa abokinka zalunci ne, kuma wanda ya yi shi yaran ɗakin ya cuta, don ya toshe bakin da zai gaya masa inda rufi ke yoyo. Ni a zamanina littafi na ajiye a ofis, kowa ya rubuta abin da ya faru ko ya kusa faruwa, ba sai ya sa suna ba, ran Litinin mu karanta tare. Daga littafin nan muka gano kwalaben fotasiyom suna zaune kusa da na ruwan haɗa allura, kamanninsu ɗaya. Fotasiyom kuwa in aka tura shi ta jijiya kai tsaye zuciya yake tsayarwa, babu dawowa. Ranar muka kwashe su muka kulle a wani akwati dabam.

Ungozoma daga Mirya:
Baba ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu a ɗakin haihuwa ƙananan kwalaben nan su ne fargabarmu, ga rubutu ƙanana, ga wuta ta ɗauke ana haska fitilar waya. Na hana kaina ɗaukar kwalba da kamanni ko da gurbin da na saba ganinta, sai na karanta da baki, ko ni kaɗai ce. Manyeziyom da muke yi wa mai jijjigar ciki, kafin kowace allura ta gaba sai na ƙirga numfashi, na buga gwiwa na ga ta amsa, na auna fitsari ya kai mililita 30 a awa. In ɗaya ya gaza, na dakata na kira lokotoro, kuma makarinsa, kalsiyom gulukonat, yana kusa da hannuna. Na sha zuwa wuri na tarar ana yin manyeziyom babu wanda ya san inda kalsiyom yake. Sai oksitosin, allurar tsayar da jini bayan haihuwa, da ke son sanyin digiri 2 zuwa 8. A zafin Afrilu da Mayu, kwalbar da ta yi makonni a aljihun tebur ƙarfinta ya ragu, ki yi wa mace ki ga jini bai tsaya ba ki rasa dalili. Ku yi haƙuri na fita daga maganar yara.

Wani uba daga Sabon Gari:
Ku gafarce ni, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, matata ce a zauren nan, da wayarta nake rubutu. Bara mun kwana shida da ɗiyarmu a asibiti. Malam Ɗan Zango, na fahimci tsoronka, amma ka ji ta ɓangarenmu. Mu da ke zaune a bakin gado muna gani. Mun san allurar safe iya nan take a sirinji, mun san launin ƙwaya. Abin da ke hana mu magana tsoro ne kada a ce mun raina likita a juya wa ɗanmu baya. Kuma abin da ke sa mutane su gudu daga asibiti ba gaskiyar da aka faɗa musu ba ne, wadda suka tsinta daga bakin mai shara ce bayan an sallame su. Ni in ɗana ne, ina so a gaya mini. Ko ba komai zan san abin da zan sa wa ido idan mun koma gida.

Ɗan Zango:
Alhaji, kai ka yi karatu, kana cikin gari. Ba kowa zai ɗauka yadda ka ɗauka ba. Kuma tunda ka shigo, iyaye ma suna ɓoye mana. A tambayi uwa me aka ba yaro a gida ta ce ba komai, alhali an saya masa farasetamol a Kasuwar Dole wajen masu tallar magani a rana, an ƙara da siron mura wanda shi ma akwai farasetamol a ciki, mu kuma mu ɗora namu a kai. Miligiram 15 ne a kowane kilo, duk awa 6, kada ya wuce 60 a kilo a yini. In ya taru hanta yake ci.

Wani uba daga Sabon Gari:
Gaskiya ne muna ɓoyewa, don in mun faɗa faɗa ake yi mana a gaban mutane. Ranar da wata likita ta ce mini kawai in kawo kwalayen ta gani, ba tsawa, har na cikin aljihu na fito mata da shi.

Mai Farmasi:
Wannan tambayar ta fi ta "me kuka ba shi" amfani. Ku ce a nuna muku leda. A wannan lokacin kuma ku tambayi katin maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59 a damina. Akwai amodiyakin a cikinsa, saboda haka yaron da ya sha shi kwanan nan ya zo da zazzaɓi ba a sake ba shi haɗin da ke da amodiyakin, artemeter da lumefantirin ake ba shi, da nono ko abinci mai maiƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a gangamin da ta buɗe a 2017 na rage cutarwar magani da rabi, wurare uku ta nuna: magunguna masu haɗari, tarin magunguna a jikin mutum ɗaya, da lokacin da mara lafiya ke sauya hannu. Daga gida zuwa asibiti sauya hannu ne, daga gardin dare zuwa na safe ma haka.

Ɗaliba shekara ta biyu:
Wani abin da na gani, uwa mai jinyar ɗanta ta ga ƙarin ruwa yana ɗiga a hankali ta murɗa shi don ya ƙare su samu su yi barci.

Majo mai ritaya:
Ƴata, wannan ya ci rayuka a zamanin kinin, kafin artesunat ya karɓi wurinsa bayan 2011. Kinin awa 4 yake so a cikin ruwan sukari, in ya zuba da gudu zuciya yake bugawa, ga shi yana kayar da sukari. Yaro mai tamowa kuwa ko ruwan zalla ne ya shiga da sauri zuciyarsa ba ta ɗauka. Ki riƙe lissafin: da igiyar da ɗigo 20 ke ba da mililita 1, ki raba yawan ruwan da awoyi sau uku. Mililita 500 a awa 4, ɗigo 42 ke nan a minti. Ki ƙirga da agogo. Sannan ki gaya wa mai jinya dalilin, ki ce wannan ruwan in ya yi gudu yana kisa, in kin ga ya tsaya ko ya ƙara sauri ki kira ni. Wadda aka gaya wa dalili ita za ta hana ta kusa da ita taɓawa.
Ɗan Zango, game da uwar: ba cikin dare ba, ba a tsakiyar ɗaki ba, kuma ba yarinyar nan ita kaɗai ba. Lokotoro ko majo ya zauna da ita, da babba daga dangin in akwai. A faɗi abin da ya faru a taƙaice, a faɗi abin da aka duba, a faɗi abin da za a ci gaba da dubawa.

Ƴar Birni:
Assalamu alaikum, na dawo. Jiya da la'asar na koma na sami majo a ofis. Muryata tana rawa na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni yara nawa ne a ɗakin daren. Ta kira lokotoro, ya duba yaron, ya ce a ci gaba da alluransa a kan kilonsa, a duba jininsa kafin sallama, a kuma ce su dawo bayan mako biyu a sake aunawa. Na gyara takardar yadda Baba ya ce. Majo ta ce in rubuta rahoto, ban san inda zai tsaya ba, kuma ba zan ce muku ba na tsoro ba.
Uwar mun same ta tare da kakar yaron, a inuwa bayan ɗaki. Lokotoro ya yi bayani, ni kuma na ba ta haƙuri. Kakar ta ɗan ɗaga murya, ta ce da ya mutu fa. Ba wanda ya katse ta. Ita uwar sai ta ce a hankali, ai ta ga ruwan sirinjin ya fi na rana yawa, ta so ta yi magana ta ji nauyi. Ashe ɗan farinta ne kuma, Baba, kamar kana wurin. Na ce mata daga yau in ta ga abin da bai yi mata ba ta riƙe hannuna. Yau da safe da na zo yi masa ta ƙarshe, sai da ta leƙa sirinjin ta gyaɗa kai.

Ɗan Zango:
Alhamdu lillahi da yaron ya tashi. Har yanzu ina ganin da ya juya da labarin ya sha bamban, kuma ba kowane majo ne irin taki ba. Amma filastan nan zan fara shi a gardina na jibi. In rahoton ya jawo miki wata matsala ki sanar da mu a nan, kada ki shiga ofis ke kaɗai.

Ƴar Birni:
Na gode Yaya. Mun fara filastan tun daren jiya, yara 31. Matsala ɗaya, zufa da ruwan da uwaye ke shafa wa yara na goge biro, zuwa safe uku sun dushe.

Ungozoma daga Mirya:
Ki nemi alƙalamin da ake rubutu da shi a kan kwalaben gwajin jini, masu ɗakin gwaji suna da shi, ba ya gogewa. In hannu ya cika jiƙewa ki ɗaura a ƙafa sama da idon sawu, kada ki matse, yadda yatsanki zai shiga ƙarƙashi. Haka muke yi wa jarirai.